Kar ku bar yara a mota da sunan "yanzu zan fito"

Wannan magana da ku nake ƙannena, musamman ku da kuka yi aure ba da daɗewa ba Allah ya hore muku 'yar mota kun fara kai yara makaranta da islamiyya, da ku ƙannenmu mata masu tuƙi da kanku, har da samarin da ake aike da motar gida a haɗa su da yara a ce su sha iska. Ina yawan jin ana cewa wai meye laifi in mutum ya bar yara a mota ya shiga shago ya fito, ai ba daɗewa zai yi ba. Dan Allah kar ku yi. Ko ka sauke gilas, ko ka bar esi a kunne, ko akwai ɗan babbansu a ciki mai shekara bakwai ko takwas, kar ka yi. Ni na daɗe ina yi, kuma ba dabarata ce ta tsare min yarana ba, Allah ne kawai ya rufa min asiri.

Abin da na kasa ganewa a lokacin shi ne wannan "yanzu zan fito" ɗin ba a hannunka yake ba sam. Kai ka san Zariya. Ka tsaya a Sabon Gari ka ce bari ka karɓo saƙo wajen mai shago, sai ka tarar ya tafi sallah yaronsa ya ce ka ɗan jira, ko ka zo biya da tiransifa netwok ya ƙi, an cire kuɗin a wajenka bai shiga wajensa ba ku tsaya kuna duba waya, ko kuma ka yi kiciɓis da abokin mahaifinka wanda ba yadda za ka yi ka katse masa gaisuwa, ya tambayi gida ya tambayi aiki ya kawo zancen rasuwar wane da ba ka je ta'aziyya ba. Duk wannan lokacin kai kana inuwa, wataƙila ma ƙarƙashin fanka, jikinka ba ya gaya maka komai game da abin da ke faruwa a cikin motar.

Haka ta faru da ni cikin watan Afrilu, bayan azahar, na ɗauko yara biyu daga makaranta na biya wani banki a unguwar PZ zan ciri kuɗi. Ƙaramar ta yi barci a baya sai na ga kamar tausayi ne in ƙyale ta, na ɗan sauke gilas kaɗan na ce wa yayanta ya kula da ita na kulle motar saboda tsoron kar wani ya buɗe. Na'urar cirar kuɗin ta riƙe min kati, na shiga cikin bankin, aka ce in jira wanda ke da makulli, hankalina gaba ɗaya ya koma kan katin da kuɗin da ke ciki. Da na fito sai na hango mutane sun kewaye motar, yaron yana dukan gilas yana kuka, wani mai sayar da ruwa ya ɗauko dutse yana shawara da maigadi ko a fasa. Wata dattijuwa ta dube ni ta ce "ɗan nan, kai ne ubansu?" na ce ni ne Mama, ta ce "ka ji tsoron Allah", ba ta ƙara komai ba ta karɓi yarinyar daga hannuna ta fara zuba mata ruwa a ka da wuya. Yarinyar ba kuka take ba, kuma wannan shi ne abin da har yau in na tuna cikina ke juyawa, fuskarta ta yi jawur jikinta zafi rau, ana kiran sunanta tana buɗe ido da ƙyar tana rufewa. Muka wuce asibiti aka sa mata ruwa, alhamdulillahi ta warware. Uwarsu ta yi kwanaki ba ta yarda in fita da su ni kaɗai, kuma ban ga laifinta ba.

Bayan nan ne na zauna na nemi sanin yadda abin yake, don ni a da tunanina matsalar rashin iska ce, shi ya sa nake ganin in na bar ƙofar iska a gilas na gama. Ashe zafi ne ke kisa. Rana tana ratsa gilas ta gasa dashbod da kujeru da sitiyari, su kuma su dinga fitar da zafin a ciki ba hanyar fita. Gwajin da aka yi a Amurka ya nuna cikin minti 10 kacal zafin cikin mota na ƙaruwa da kusan digiri 11 a ma'aunin salshiyos, cikin awa ɗaya kuma ya ƙaru da wajen digiri 22, kuma mafi yawan hawan a rabin awar farko yake faruwa. Sauke gilas kaɗan kusan ba ya canza komai, sun gwada sun gani. To yanzu ka ɗauki bazarar Zariya, Maris zuwa Afrilu lokacin da waje kansa ke kai 38, ka ɗora 22 a kai, kana maganar 60 kenan. Sannan jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar zafi ninki uku zuwa biyar fiye da na babba, zafin da kai za ka daure ka yi ta fifita shi ya riga ya galabaitar da shi. In zafin cikin jiki ya kai 40 an shiga haɗari, in ya doshi 42 ƙwaƙwalwa da ƙoda da sauran kayan ciki sukan fara lalacewa, wanda ya rayu ma wani lokacin da nakasa yake tashi.

Kuma kar wani ya ce ai yanzu hunturu ne ko gari ya yi luf da hadari. Ko waje yana 22 cikin mota na iya haura 40 in akwai rana. Inuwar bishiya ma matsawa take yi, ka faka a ƙarƙashin dalbejiya ka dawo ka tarar rana ta rufe rabin motar.

A Amurka da suke ƙidaya wannan abu tun 1998, yara kusan 37 ke mutuwa duk shekara a cikin mota saboda zafi, a 2018 da 2019 ma sun haura 50 kowace shekara. Abin da ya fi ba ni tsoro a lissafinsu shi ne fiye da rabin yaran nan ba da gangan aka bar su ba, mantawa aka yi. Na san wani zai ce ta yaya uba zai manta ɗansa, ni ma haka na ce da farko, amma ka tuna ranar biki ko suna, an cika motoci uku da mata da yara daga Tudun Wada za a je Samaru, an isa kowa ya fita da guɗa da gaishe-gaishe, uwa ta ɗauka yaron yana wajen ƙanwarta, ƙanwar ta ɗauka yana hannun 'yar aiki, direba ya kulle mota ya nemi inuwa, shi kuma yaron yana can kujerar baya ya yi barci an jibga gyale da jakunkuna kusa da shi. Ba sai mutum mugu ne ba. Shi ya sa ni yanzu ba na kulle mota sai na buɗe ƙofar baya na leƙa da idona, ko da na san ni kaɗai na fito, ya zame min jiki. In jariri ne a baya ka ajiye wayarka ko jakarki kusa da shi, ba za ka yi nisa ba tare da ita ba. Mai kai muku yara makaranta ma, bas ne ko mota, ku gaya masa ya dinga duba har kujerar ƙarshe, kar ku ji nauyin faɗa.

Maganar barin inji da esi a kunne kuma, na yi wannan ma kafin abin PZ ɗin, ina ganin na fi masu sauke gilas wayo. Mota tana iya mutuwa da kanta, musamman irin namu da suka sha hannun bakanike, mai na iya ƙarewa, esi na iya daina sanyi ya koma hura zafi kai ba ka sani ba. In salansa tana yoyo hayaƙin na iya shigowa ciki, shi kuma iskar gubar da ke cikinsa ba ta da wari ba ta da kala, irin wadda ke kashe mutane a ɗaki in sun kwana da janareto, yaro sai dai ya ji barci. Ga yaro da hannu, ya taɓa giya ko ya sauke hambirek mota ta gangara, ya danna madannin gilas ya matse wuyan ƙaninsa, ko ya danna lok ya kulle kansa da makullin a ciki. Ga kuma ɓarawo, ka bar masa mota a kunne da yaranka a ciki. Shi kuma ɗan babban da kake cewa ya kula da ƙannensa, wallahi zalunci ne ɗora masa wannan nauyi, nawa ya daɗe yana firgita cikin barci bayan abin nan.

To me za ka yi? Ka fita da su, shikenan. Na san wahala ce ka shiga kasuwa da yaro a kafaɗa wani yana jan rigarka yana cewa a saya masa abu, na san tada mai barci ba daɗi, amma ka ɗauke shi ya yi kukansa. In ba zai yiwu ba ka kai su gida tukuna ka dawo, ko ka tafi da babban mutum da zai zauna da su, ko ka kira mai shagon ya miƙo maka kayan bakin mota, yawancinsu ba sa ƙi. Masallaci ma haka, in sallah ta kama ka a hanya ka shiga da su su zauna gefenka.

In kuma kai ne ka ga yaran wani a kulle a mota, kar ka ce ba ruwanka. Ka ƙwanƙwasa gilas ka ga ko suna amsawa, ka sa a yi cigiyar mai motar da ƙarfi, in yaro ya yi laushi ko ba ya motsi kar a tsaya jira, a fasa gilas na ɓangaren da ya fi nisa da shi, maganar kuɗin gilas a yi ta daga baya. A kai shi inuwa a cire masa kaya a jiƙa jikinsa da ruwa mai sanyi ana yi masa fifita, in yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, in ba ya cikin hayyacinsa kar a ɗura masa komai a baki zai iya shaƙewa. Farasitamol ba ya maganin wannan zafin don ba zazzaɓi ba ne. A wuce asibiti da shi ko da ya farfaɗo ya fara magana, ana ci gaba da jiƙa shi a hanya.

Saura motar da ke fake a gida, wadda mutane ba sa kawowa a rai ko kaɗan. A Disambar 2021 yara takwas aka tarar sun rasu a cikin wata mota da aka ajiye a Badagry ta jihar Legas, wasa suka shiga yi ƙofa ta kulle. Gidaje nawa ne a cikin birni da Tudun Jukun da Gyallesu ke da tsohuwar mota a ƙofar gida ko a kango, taya ta sace an bar ta ana jiran kuɗin gyara, yara suna ɓuya a ciki suna wasan direba? Irin waɗannan hannun ƙofarsu na ciki ya kan lalace, a shiga da sauƙi fita ta gagara, kuma gilas a rufe ba mai jin ihunsu. Ni ma akwai wadda na bari haka a gidanmu sai da na ga labarin nan na je na kulle ta na cire makullin daga inda yara ke iya kaiwa. Ku kulle mota ko a cikin gida take, har da but, ku yi wa maƙwabcin da ya yar da tasa a layi magana cikin mutunci ya kulle ko ya ɗauke. Ku koya wa yara in sun maƙale a mota su yi ta danna hon har wani ya zo. In kuma aka nemi yaro aka rasa, kafin a tafi gidan maƙwabta ko a kai cigiya masallaci, a fara duba rijiya da duk motar da ke kusa, ciki da but.