Tarihin Rayuwata, Kashi Na 14: Zamana Da Tsofaffin Takardun ABU

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya inda na shiga aji huɗu a Jami'ar Ahmadu Bello, wato ABU, a Samaru ta Zariya, hankalina duk ya koma kan furojet, wato binciken da ɗalibi ke rubutawa kafin ya gama digiri, don a sashen tarihi ba a wasa da shi, duk abin da ka rubuta sai an ce ina hujjarka. Ranar da na je wajen sufabaizana da 'yar takardata ko kallonta bai gama ba ya ajiye, ya ce "'yata, tun aji ɗaya kina kwana a hostal ɗin Amina, kullum kina wucewa ta hostal ɗin Alexander da na Akenzua, su waye waɗannan mutanen?" Na ce ranka ya daɗe Amina dai ai sarauniyar Zazzau ce. Ya ce to sauran fa, je ki laburare ki nemo min yadda ɗaliban makarantar nan suka rayu tun farkonta, aikinki kenan.

Haka na fara zarya laburaren Kashim Ibrahim, ɓangaren da ake ajiye tsofaffin takardu da jaridu, inda ɗalibai ba su cika leƙawa ba sai lokacin furojet. Akwai wani dattijo ma'aikaci da muke ce wa Baba, Allah ya saka masa da alheri, shi ya koya min yadda ake buɗe tsohuwar jarida a hankali kar ta karye, don takardar da ta haura shekara hamsin ba ta son garaje, kuma shi ya fara ɗauko min rahotannin shekara-shekara da littattafan bikin yaye ɗalibai ya ce in fara da su kafin in shiga jaridu.

A nan na san cewa ran 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe jami'ar, da tsangaya 4 da sashe 15, ɗalibai kuma gaba ɗayansu 426. Wallahi sai da na maimaita karantawa, don a zamaninmu wani kwas ɗin na aji ɗaya kaɗai ya fi haka cika. Abin da ya fi tsaya min shi ne cikin waɗannan 426 ɗin 147 ne kawai 'yan Arewa, wato Sardauna ya gina jami'a alhali yaran da za su cika ta ba su gama sakandare ba tukuna, bai ce bari a jira ba, ya gina ta ne don su taso su same ta. Gine-ginen ma ba daga fili aka fara ba, kwalejin fasaha da kimiyya ta Najeriya ce a wajen tun kafin 'yancin kai, a nan su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, sai aka haɗa da makarantar koyon mulki ta Kongo da cibiyar binciken noma ta Samaru da kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, wadda daga baya a 1977 ta zama BUK.

Amsar tambayar Malam ma a nan na samo ta. Alexander ashe shugaban jami'a na farko ne, Norman Alexander, Bature ɗan Niyu Zilan masanin fiziks, wanda ya miƙa wa Farfesa Ishaya Audu a 1966, shekarar da aka kashe Sardauna, shi kuma ya riƙe har 1975. Akenzua kuwa Oba na Benin ne da ya zama uban jami'a bayan Sardauna. Ku duba fa, sarkin Benin a Zariya, kuma yaranmu na kwana a ɗakin da ke ɗauke da sunansa har yau.

Amma ni ba shugabanni aka aike ni nema ba, ɗalibai aka ce, kuma a nan aikin ya yi tauri. Takardun ofis suna nan a ɗaure tsaf da bango mai kauri, wa aka naɗa, wane gini aka buɗe, mutum nawa suka gama. Shi kuwa ɗalibi sunansa kawai za ka gani a jere ranar da ya karɓi digiri, me ya ci, da wa ya yi faɗa, me yake tattaunawa da abokan ɗakinsa da dare, duk babu. 'Yan takardun da ƙungiyar ɗalibai ke bugawa ta raba da mujallun hostal, waɗanda su ne muryarsu ta gaskiya, kaɗan ne suka tsira, saboda mu ɗalibai ba mu ɗauki takardunmu a bakin komai ba, in an gama zango sai a tattara a zubar. Ni wannan abin yana min ciwo har yanzu, don duk wanda ya zo bincike bayan shekara hamsin abin da ofis ya faɗa a kanmu kaɗai zai samu.

Sai na koma jaridu, musamman New Nigerian, a nan ɗalibai suka fara fitowa da ransu, sai dai kash, galibi ranar tashin hankali ake tuna da su. Afrilun 1978, lokacin mulkin Obasanjo, aka ƙara kobo 50 a kuɗin abincin ɗalibi na kullum, ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ƙarƙashin Segun Okeowo ta tashi, ana kiran a cire Kanar Ahmadu Ali mai kula da ilimi, abin da ake ce wa Ali Must Go. Aka kashe Akintunde Ojo a Legas, wuta ta iso Zariya, sojoji suka buɗe wa ɗalibai wuta aka rasa rayuka, aka rufe jami'o'i aka haramta ƙungiyar. Wani zai ce a kan kobo 50? To ga yaron da iyayensa suka sayar da amfanin gona kafin ya zo makaranta, kobo 50 kullum shi ne tsakanin ya zauna da ya koma gida.

Na 1986 shi ya fi girgiza ni, saboda ta Amina abin ya faro. Ɗalibai sun yi jerin gwanon tunawa da waɗanda aka kashe a 1978, suka ratsa ta hostal ɗin mata inda doka ta hana maza shiga, hukuma ta hukunta shugabanninsu, rikici ya yi ta girma har ran 23 ga Mayu 'yan sanda suka shigo suka harbe ɗalibai, gwamnatin Babangida ta kafa kwamitin Janar Abisoye ya bincika. Ina karantawa ina tuna ƙofar da nake bi kullum da bokitina, ranar ban iya ci gaba ba, na rufe jaridar na mayar wa Baba, ya dube ni ya ce "'yata, je ki huta, gobe ma rana ce."

Da na kai wa Malam abin da na tara ya ce takarda ta yi nata, saura baki, in je Arewa House a Kaduna, gidan Sardauna da Farfesa Abdullahi Smith ya mayar cibiyar adana tarihi a 1970, sannan in nemo waɗanda suka yi zamanin in zauna da su in naɗi maganarsu. Kafin in tafi na koma littattafan yaye ɗalibai na ƙarshen shekarun 1970 don in tsamo sunayen da zan bibiya, ina bin layi da yatsa sai ga sunan Abbanmu, wanda duk tasowarmu mun san ya yi ABU amma ko sau ɗaya bai taɓa ba mu labarin 1978 ba. Daren na kira shi na ce Abba kana Samaru lokacin Ali Must Go? Ya ce wa ya gaya miki, na ce takarda, ya ce in kin zo gida ma yi magana.

Abin da ya faɗa min da na je, da dalilin da ya sa Ummanmu ta tashi ta bar mana falon, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.