Abin da Ake Sa wa Ƙugiya Idan Tafki Ya Daskare

A nan Legas, duk wanda ya ji an ce kifin ƙanƙara, abin da zai faɗo masa a rai shi ne katan-katan na kifin teku da ake fitowa da su daga ɗakunan sanyi na Ijora, a kai su kasuwar Mile 12 ko Agege a sayar wa masu abinci. Shi ya sa da na dawo daga ziyarar ƙanena da ke zaune a jihar Minesota ta Amurka, na shaida wa abokan zamana a majalisarmu ta Agege cewa na taka kan tafki da ƙafata, an huda shi, na kuma jawo kifi mai rai daga ƙarƙashin ƙanƙara, sai wuri ya kaure da dariya, har wani yana cewa sanyin can ya taɓa mini kai. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, wato wani dattijo Basarke, mutumin Yawuri, wanda ya shafe shekaru yana su a kogin Kwara kafin fataucin busasshen kifi ya zaunar da shi a Legas. Shi tambaya ɗaya ya yi mini: "Malam, to me kuka sa wa ƙugiyar?" Na ce masa, "Baba, ai nan ne maganar take." Amsar da na ba shi a ranar a gurguje ce, don haka nake so in shimfiɗa ta a nan da kyau.

Ba za a fahimci abincin ƙugiyar ba sai an fahimci halin da kifin yake ciki. Idan hunturu ya kankama a Minesota da Wiskonsin da kudancin Kanada, saman tafki yakan daskare har ya ɗauki mutum, kuma hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minesota tana gargaɗin kada kowa ya taka sai sabuwar ƙanƙara mai garai-garai ta kai kaurin inci 4, wato kimanin santimita 10. Ruwan da ke ƙarƙashi ba ya daskarewa, amma sanyinsa yana tsakanin digiri 0 daga sama zuwa kimanin digiri 4 a can ƙasa. Jikin kifi yana bin sanyin ruwan da yake ciki, saboda haka narkar da abincinsa yakan ragu, yunwarsa ta ragu, kuma ba ya son ɓata ƙarfinsa wajen bin abin da bai tabbatar da shi ba. Tarwaɗarmu ta ruwan ɗumi takan afka wa tana ko hanjin kaza ba tare da wani dogon nazari ba. Kifin da ke ƙarƙashin ƙanƙara kuwa zai matso, ya tsaya daf da ƙugiya, ya yi ta kallonta, sannan sau da yawa ya juya ya tafi abinsa. Tunda ta rami ɗaya mai faɗin inci 6 zuwa 8 ake zura zare, ba jifa, ba jan ƙugiya ta gefe, duk dabarar ta koma kan girman abin da aka sa da irin motsin da hannu ke ba shi.

Kifayen da aka fi nema iri biyu ne. Na farko su ne ƙanana waɗanda Turawan can ke kira da sunan da za a iya fassarawa da kifin kasko, saboda guda yana shiga kaskon suya ba sai an yanka shi ba. A cikinsu akwai bulugil, wanda fasalinsa ya yi kusa da na karfasa, akwai kirafi mai ɗigo-ɗigo da faffaɗan baki, akwai kuma wani rawaya mai ratsi-ratsi a jiki da ni da ƙanena muka laƙaba wa suna mai zane. Na biyu shi ne wolai, babban kifin da jihar Minesota ta ayyana a matsayin kifin jiha tun 1965, wanda mutanen can ke ji da shi kamar yadda masuntanmu ke ji da giwan ruwa.

Abin da ya fara ba ni mamaki game da kifin kasko shi ne ƙanƙantar ƙugiyar. 'Yar mitsitsiya ce mai ɗan kan ƙarfe wanda girmansa bai wuce milimita 3 zuwa 5 ba, kamar ƙwayar dawa, an shafa masa launi. A da da darma ake yin kan, yanzu kuwa masu fatsa da yawa sun koma wa wani ƙarfe da ake kira tangistin, kuma dalilin a bayyane yake: idan aka auna gutsure biyu masu girma ɗaya, na darma ya yi giram 11, na tangistin zai haura giram 19. Ke nan ƙugiya tana iya zama ƙarama ƙwarai amma ta nutse da sauri, ta ratsa ɓarɓashin ƙanƙarar da ke taruwa a bakin rami, ta kuma miƙar da zare sosai yadda duk abin da ya taɓa ta zai iso hannu. Saurin nutsewar nan ba ƙaramin amfani gare shi ba, domin waɗannan kifaye a garke suke yawo, kuma wanda ya ciro guda ɗaya yana so ya mayar da ƙugiya kafin sauran su watse. Asalin irin wannan ƙugiya daga Rasha ne, inda ake kiranta mormishka, sunan da aka samo daga wani ɗan ƙaramin jatan landen ruwan daɗi da take kwaikwayo. Zaren da ake ɗaura mata siriri ne har ido ba ya ganinsa da kyau, wanda nauyin kilo 1 ko 2 zai iya tsinka shi, abin da ya sa Baba ya girgiza kai ya ce wannan ai zaren ɗinkin hula ne.

A bakin ƙugiyar ana soka tsutsa, kuma iri biyu aka fi amfani da su. Akwai tsutsar kakin zuma, fara mai taushi da maiƙo, wadda wani asu ke haifa a cikin saƙar zuma; ana son ta ne saboda idan an huda ta ruwan jikinta yana fita ya bar ƙamshi a ruwa. Akwai kuma tsutsar ƙuda, wadda ta fi ta ƙanƙanta da tauri, ana sayar da ita fara ko ja a cikin garin katako, kuma ana soka biyu ko uku ta wajen gindinsu, a fatar kawai, don su ci gaba da motsi. Ƙanena a aljihun rigarsa ta ciki yake ajiye gwangwanin, domin idan sanyi ya daskarar da su sun tashi daga aiki. A ganina tsutsar ƙuda ta fi dacewa da bulugil, saboda bakinsa ƙarami ne, yana iya tsotse tsutsar kakin zuma daga ƙugiya ya bar mutum da ƙarfe tsirara. Yanzu akwai tsutsar roba mai siririyar wutsiya da ke kaɗawa ko da hannu bai motsa sosai ba, musamman ja, wadda ke kama da jajayen tsutsotsin da kifin ke tonowa daga taɓon ƙasan tafki. Robar tana hutar da yatsu daga cire safar hannu a cikin sanyi, kuma idan kifi na ci tana aiki daidai da mai rai. Sai dai a ranar da suka yi taurin kai, na ga da idona cewa mai ran ce ke sa su buɗe baki.

Duk da haka, abin da ya fi tsutsar kanta muhimmanci shi ne hannu. Ba a fizgar sanda sama da ƙasa kamar mai jan guga. Ana karkaɗa ta ne kaɗan-kaɗan, tamkar hannun mai rawar ɗari, yadda ƙugiya za ta tsaya wuri ɗaya tana ɓari, sannan a ɗaga ta a hankali, sannan a tsaya cik na ɗan lokaci. Galibi a wannan tsayawar ce kifi ke ɗauka. Bulugil yana zuƙar abu ya tofar da shi kafin ƙiftawar ido, shi ya sa ake maƙala wata siririyar waya mai laushi a kan sanda, wadda ke lanƙwasawa da zarar an taɓa ƙugiya. Kirafi kuwa daga ƙasa yake tasowa ya ɗauki abinci, don haka dole a riƙe ƙugiyar a samansa, kuma alamar ɗaukarsa sau da yawa ba lanƙwasawar wayar ba ce, miƙewarta ce, domin ya ɗauke nauyin ƙugiyar ya yi sama da ita. Na yi asarar kifi da dama a ranar farko kafin in gane haka. Idan an kama shi ma ba a fizga da ƙarfi, saboda fatar bakinsa kamar takarda take. Mai zane shi ne mai sauƙin kai a cikinsu: yana kiwo a ƙasa, kuma idan aka bubbuga ƙugiya a taɓo har ƙura ta tashi, sai garken ya taho ya ga me ake tonowa.

Wolai labarinsa daban ne, kuma daga idonsa ya fara. A bayan idon akwai wani shimfiɗi da ke mayar da haske, irin wanda ke sa idon kyanwa ƙyalli da dare, saboda haka yana gani a duhu fiye da ƙananan kifayen da yake farauta. Lokacin cinsa shi ne ketowar alfijir da kuma daga la'asar sakaliya zuwa bayan magariba, wadda a watan Janairu a can take faɗuwa wajen ƙarfe 5 na yamma. Tunda shi mafarauci ne, aikin farko shi ne a kira shi daga nesa. Don haka ake amfani da wani ƙarfe mai ƙyalli da suke kira cokali, wanda idan aka ɗaga shi aka sake shi yakan sauko yana juyi kamar ɗan kifin da ya ji rauni. Swedish Pimple, wanda ake ƙerawa a jihar Mishigan, yana cikin tsofaffin da har yau ba a daina amfani da su ba, kuma akwai Buck-Shot na kamfanin Northland da ke garin Bemidji, wanda aka sa wa 'yan ƙwallaye a ciki suna kacau-kacau. Ana tsinke kan ɗan ƙaramin kifi a soka a ƙugiyar cokalin mai baki uku. Kan kawai ake sawa, ba dukan kifin ba, domin ya ba da ƙamshi ba tare da ya hana cokalin juyinsa ba. Akwai kuma Jigging Rap na kamfanin Rapala, wanda asalinsa daga Finlan ne, mai siffar ɗan kifi da ƙugiya gaba da baya da kuma ƙasa. Idan aka fizge shi yakan yi gefe ya zagayo, ta haka yake share fili fiye da faɗin ramin. Game da launi, a tafkuna masu ruwa garai-garai an fi son na azurfa da launin kifi na ainihi, amma a ruwa mai duhu kamar na Lake of the Woods da ke kan iyakar Amurka da Kanada, ruwan zinariya da ruwan hoda da fenti mai haske a duhu, wanda ake haska wa tocila kafin a zura, su ne suka fi karɓuwa.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta sanda biyu, tunda dokar Minesota ta yarda mutum ya zura zare biyu idan a kan ƙanƙara yake. A rami ɗaya yana kaɗa cokali, a rami na biyu kuma, taku ɗaya ko biyu daga na farkon, ya ajiye sanda ba ya taɓa ta, da ɗan kifi mai rai a ƙugiya zalla. Ana soka shi ne a bayan ƙayar gadon bayansa, a fata, ba tare da an taɓa ƙashin baya ba, a rataye shi kimanin ƙafa ɗaya daga ƙasa. Cokalin shi ne mai shela, ɗan kifin kuma shi ne abincin. Wolai yakan zo saboda ƙyalli da ƙara, ya tsaya ya ƙare wa ƙarfen kallo, ya ƙi shi, sai ya waiwaya ya ga ɗan kifi yana ta fafutuka a gefe. Mafi girman wanda muka kama a tafkin Mil Laks ta wannan sandar da ba a taɓawa ya zo, kuma mun ga zuwansa a na'urar hango kifi da ke nuna zurfi da jan layi, ya bi cokalina sama har sau biyu kafin ya sauya ra'ayi. Wasu maimakon sanda ta biyu sukan kafa tarko mai tuta a bakin rami, wanda tutarsa ke miƙewa idan kifi ya ja zare. Ragowar 'yan kifin kuwa ba a juye su a tafki idan an tashi, doka ta hana, don kada a shigar da cuta ko baƙon iri cikin ruwan.

Da na gama wannan bayani a majalisa, na ciro 'yan ƙugiyoyin tangistin guda biyu da na taho da su, ja da koriya, na ɗora wa Baba a tafin hannu. Ya jinjina nauyinsu, ya kai su kusa da ido, ya ce a ruwan Legas mai tasowa da janyewa igiyar ruwa za ta kwashe su kafin su kai ƙasa, amma a kwantaccen ruwa, da sanyin safiyar hunturu lokacin da karfasa ke ƙin cin tana, yana ganin za su yi aiki idan aka soka musu gara. Mun yi alkawarin gwadawa a wani ɗan tafki da ya sani a wajen Epe idan Disamba ta shigo. Ya mayar mini da koriyar, ya ƙulle jar a bakin rawaninsa.