Laraba: Ranar Raɗin Suna a Ajin Sinanci

Yau darasin bai wuce zaɓen suna ba. Ɗalibai sababbi ne, yawancinsu 'yan kasuwa masu zuwa Guangzhou da Yiwu sarin kaya, kowa na son sunan da zai buga a katinsa ya kuma sa a WeChat, manhajar saƙo ta Sinawa.

Da sunan dangi muka fara, domin shi ne ke zuwa farko, galibi harafi ɗaya, sannan sunan yanka, harafi ɗaya ko biyu. Sunan dangi ba a ƙirƙirarsa, cikin waɗanda ake da su ake ɗauka. Wang, Li, Zhang, Liu da Chen su suka fi yawa, amma ɗan namu yana da hanya mafi sauƙi, wadda Musulmin ƙabilar Hui suka share tun da daɗewa. Muhammadu ya ɗauki Ma (马), Hassan ya ɗauki Ha (哈), Musa ya ɗauki Mu (穆). Shahararren jagoran jiragen ruwan nan na daular Ming, Zheng He, da sunan Ma He aka haife shi. Basine na jin Ma ba zai yi mamakin ganin mai sunan ya nemi wurin alwala ba.

Inda aka ja dogon zance shi ne sunan yanka. Wani Alhaji ya zo da abin da manhajar waya ta ba shi, Abubakar ɗinsa an yanyanka shi gaɓa-gaɓa har harufa biyar. Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, wannan irin na labaran jarida ne, ba wanda zai kira ka da shi a rumfar kasuwa." Harufa biyu ko uku gaba ɗaya, shi ke nan. A bi sauti idan ya yiwu, in bai yiwu ba a bi ma'ana. Wani Aminu Nura ya samu duka biyun: An (安), kwanciyar hankali, sunan dangi ne na gaske, sai Ming (明), haske, rana da wata a jere. Zane 6 da zane 8, ko sabon hannu zai rubuta. Harafin Mu (穆) kuwa zane 16 ne, sai mai haƙuri.

Karin sauti bai wahalar da Bahaushe sosai, harshenmu ma da shi yake tafiya, amma nan sunaye ke lalacewa. Kalmar Ma da kari na uku doki ne, da na huɗu zagi. Sunan dangi Wu sautinsa ɗaya da "babu", don haka Wu De, wanda a rubuce ɗabi'a tagari ce, a kunne "marar ɗabi'a" ne. Duk abin da ya yi kama da sautin "si" a bar shi, yana tuna mutuwa.

Sauran a gurguje muka bi. Na (娜) da Ting (婷) na mata ne. Jianguo na waɗanda aka haifa wajen 1949 ne, ya tsufa. Kuma Sinawa ba sa yin takwara da iyaye ko manya kamar mu, rashin ladabi ne a wurinsu, saboda haka kada a ari sunan malami ko shugaba.

Aikin gida: kowa ya tura sunansa ga Sinawa biyu cikin abokan cinikinsa, ta saƙon murya ba a rubuce ba. Wanda aka yi wa dariya ya dawo da shi Asabar mu sake.