Awa biyu da suka ci min wata bakwai a kogin Weser

Ranar Juma'ar da ta wuce na mayar da makullin ofis da rigar ceto, bayan shekara uku ina auna gudun ruwa a kan tuddan yashin da ke ƙarƙashin kogin Weser a arewacin Jamus. Waɗanda muka sha zaman jirgi tare sun ji labarin awa biyun nan, amma daga bakin wani suka ji shi.

Ni ɗan Yobe ne, na san tuddan yashin Yusufari tun ina yaro: gefen da iska ke bugowa a shimfiɗe yake, ɗaya gefen kuma gangare ne mai tsauri. Na ƙarƙashin Weser ma haka suke, wasu tsayinsu ya haura mita 2, tsawonsu mita 50 ko fiye. Sai dai ruwan bakin kogi ba hanya ɗaya yake bi ba. Teku na cikowa ta janye kusan duk awa 12 da minti 25, babban tudu kuwa ba ya iya juyawa cikin awa shida. A wurin da muke awo, gangaren yana kallon teku ne dare da rana. In ruwa na janyewa, sai ya hau shimfiɗaɗɗen gefen, ya kai ƙololuwa, ya rabu da ƙasa, ya bar juyi a bayansa kamar yadda ƙura ke zagayawa a gindin katanga. In yana cikowa kuwa, gangaren yake fara hawa, sannan ya sauko a hankali yana manne da yashi, babu juyi. Tudu ɗaya ke nan, amma ya fi riƙe ruwa a janyewa. Masu lissafin tsayin ruwa har birnin Bremen, inda bambancin ciko da janyewa ke kai wajen mita 4, suna buƙatar sanin wannan, haka ma masu aske kan tuddan don jiragen kaya su wuce.

A shekarata ta biyu sai alƙalumana suka nuna juyi mai ƙarfi a farkon ciko. Na ɗauka na gano sabon abu, na kwana ina murna. Wata bakwai na yi ina gina babi guda na kundin bincikena a kansa.

Ashe agogo ne. An saita na'urar auna gudu da amon sauti a kan agogon bazara na Jamus, wanda ke gaban agogon duniya da awa biyu, ni kuma na haɗa bayananta da na ma'aunin tsayin ruwa, mai bin agogon duniya, a matsayin duk agogo ɗaya suke bi. Awa biyun ƙarshen janyewa suka koma farkon ciko a cikin jadawalina. Nawa laifin ba ƙarami ba ne, kuma ban taɓa musun sa ba: ƙarfin gudu kawai na ɗauko, na bar layin da ke nuna alƙiblar ruwan. Da na dube shi sau ɗaya, da na ga cewa teku ruwan ya nufa.

Amma ba ni na saita agogon ba. Wani babba a rukuninmu ya saita shi da asubar da muka fita, a cikin sanyi, bai kuma rubuta a littafin jirgi ba. Ranar da abin ya fito, a taron mako, mai duba aikina ya haska zanena a bango gaban mutum goma sha ɗaya, ya ce wanda bai taso kusa da teku ba dole ya ninka kulawa. Wancan bawan Allah da ya saita agogon yana zaune kusa da ni yana juya kofin shayinsa, bai ce uffan ba. Na buɗe baki sai na ji murya ta ƙi fita. Da dare na kira mahaifina, na ce, "Baba, gida zan dawo." Ya ce, "Haba ɗana, gama abin da ya kai ka tukuna." Har yau maganar tekun nan tana ci min rai fiye da wata bakwan da suka tafi.

Ga mai shigowa bayana: kada ka karɓi bayanan da ba ka ga an saita agogonsu da idonka ba, ko daga hannun wa suka fito, kuma ka sa a rubuta da suna. In sakamako ya yi maka daɗi da yawa, alƙibla za ka fara dubawa. Tsayawar ruwa ba ta faɗawa daidai da cikar teku ko ƙarshen janyewa, takan ɗan makara. Ka ci abinci kafin ka hau jirgi.

Na sake lissafin tun daga tushe ni kaɗai, juyin ya koma janyewa inda ya dace, babin ya tsaya da ƙafafunsa. Shafin farko na littafin jirgi yanzu yana da gurbi biyu, na agogo da na sunan wanda ya saita. Ni na zana su da biro, kuma na ga sababbin ɗalibai suna cikewa.