Gajeren kwanso a dogon rami: abin da filin atisaye ya koya mini

A Amurka masu harbin takarda kan sake cika kwanson harsashin libarba, wasu har su rage masa tsawo, su saka albarushi kaɗan don bindigar ta daina tsalle a hannu. A nan Najeriya ba haka ba ne. Dokar makamai ta 1959 ta hana kowa ƙera harsashi ko harhaɗa shi sai ma'aikatun gwamnati, irin su DICON, masana'antar ƙera makamai da aka kafa a Kaduna a 1964. Amma matsalolin gajeren harsashi mara ƙarfi suna nan a duk inda jami'i ke koyon saiti, ko a Gusau ko a Birnin Kebbi, kuma su ne na fi ɗaukar darasi a kai.

Harsashin .38 Special da na .357 Magnum kaurinsu ɗaya, wajen milimita 9. Tsawon kwanso ne ya raba su: na farko kimanin milimita 29, na biyu kusan 33. Da gangan aka ƙara wa na biyun tsawo a shekarun 1930, don kada ya shiga tsohuwar bindigar da ba za ta iya da ƙarfinsa ba, domin matsinsa ya kai ninki biyu. Gajeren kuwa yana zama lafiya a ramin dogon, wato gurbin harsashi a gangar libarba mai juyawa, shi ya sa ake atisaye da shi. Sai dai wannan ɗan filin da ya rage a gaban bakin kwanso, nan hayaƙi da maiƙo da ɓurɓushin dalma ke taruwa su zama baƙin zobe mai tauri. Ranar da aka koma wa dogon harsashi sai ya ƙi shiga, ko ya shiga da ƙyar, bayan harbi kuma kwanson ya maƙale. Wanda ya danna shi da ƙarfi ya matse bakin kwanson, matsi ya ƙaru. Maganinsa gogewa bayan kowane atisaye: a juye bindiga a tabbatar babu komai ciki, a jiƙa kowane rami da man wanke bindiga, a bar shi kamar minti goma, a murza da burushin tagulla, a bi da tsumma har ya fito fes, sannan a ɗaga gangar a leƙa ta wajen haske. Kada a kankare da ƙusa ko wuƙa. Da hunturu a rage mai, ƙura na bin sa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne harsashin da ƙarfinsa bai isa ya fitar da kansa ba. Idan albarushi ya yi kaɗan, ko danshin damina ya shige shi, sai ka ji ɗan "fat" maimakon ƙara, hannu kuma bai ji bugu ba. Dalmar na nan tsaye a cikin bututu. Libarba ba ta hana ka sake jan kunama, harbi na biyu kuwa zai kumbura bututun ko ya tsaga shi. Duk wanda ya ji sautin ya sauya, ya tsaya cak, ya buɗe, ya zazzage, ya zura sanda ta baki ya ga ko ta wuce. Idan kuma kunama ta faɗa ba a ji komai ba, a riƙe bakin yana kallon abin harbi na daƙiƙa 30 ba tare da an juya gangar ba, don harsashi kan yi jinkirin tashi, kuma tashinsa a ramin da ya kauce wa bututu ɓarna ce babba. Wannan ne dalilin da ba na yarda da harsashin da ba a san asalinsa ba, ko da yana ƙyalli.

Sai dalma. Mutanen Zamfara ba sa bukatar a yi musu bayaninta, bayan yara ɗaruruwa da gubarta ta kashe a 2010 a yankunan Anka da Bukkuyum. Wannan baƙin da ke manne a yatsu bayan gogewa, akwai ta a ciki. Ba a cin goro ko ƙosai a filin harbi, a wanke hannu da sabulu tukuna, tsumman gogewa kada ya shiga gida, kakin da aka yi atisaye da shi kuma a wanke shi daban da kayan yara.