Inda aikina ya kai: manhajar tsakiya da injinan rubuta kod

'Yan uwa masu koyo, ga inda aka kwana a manhajar lissafin kaya da bashi da nake ginawa da Java, irin wadda dillalan tumatir da dankalin turawa na kasuwar Farin Gada a nan Jos za su iya amfani da ita. Ba kwangila ba ce, koyo nake yi. Yanzu ina kan sashen tsakiya, wato manhajar da ke zaune tsakanin wayar dillali da rumbun bayanai. Ita ke karɓar buƙata, ta tantance mai shigowa, ta kuma tabbatar idan an cire buhu daga sito an rubuta kuɗinsa: ko duka biyun su shiga, ko kada ko ɗaya ya shiga.

Kukan nauyi a wannan fanni ba yau ya fara ba. Spring kanta, wato tsarin gina irin wannan manhaja da Java, wadda Rod Johnson ya assasa kuma bugunta na 1.0 ya fito a 2004, an yi ta ne don a huta da wahalar EJB, tsohon tsarin Java na manhajojin kamfanoni. Spring Boot, mai sauƙaƙa saita Spring, ta biyo baya a 2014. Yau kuma ita ake cewa ta yi ƙiba, shi ya sa Micronaut ta fito a 2018, Quarkus ta kamfanin Red Hat a 2019. Bambancinsu na lokacin yin aikin ne. Spring tana bincika sassan manhajarka ta haɗa su a lokacin da aka kunna ta, su kuwa waɗannan biyun suna gama mafi yawan wannan aikin tun wurin harhaɗa kod (wato compile), don haka suna tashi da wuri, ba sa cin RAM sosai.

Na taɓa kowacce. Quarkus ta burge ni, amma mayar da manhaja fayil mai tashi da kansa ta hanyar manhajar harhaɗawa ta GraalVM aiki ne mai cin RAM da lokaci, kuma laftof ɗina mai giga 8 ce. In an ɗauke wuta ina kan batir, ba abin da zan fara ba ne. Javalin kuwa 'yar ƙarama ce da ke gudana a kan sabar Jetty, kai ke rubuta kowace hanya da hannunka, kuma a nan na fi gane abin da ke faruwa da buƙata tun daga shigowarta har fitar amsa. Duk mai farawa ya ɗan zauna da ita. Sai dai da na iso batun izinin shiga da tantance bayanai, na ga zan ƙare ne da ƙera tawa Spring ɗin, mara kyau. Na tsaya a Spring Boot 3, kuma a Spring Initializr, shafin da ake fara sabon aiki da shi, abin da nake buƙata kawai na zaɓa: sashen yanar gizo, tantancewa, jOOQ (bayaninta na nan tafe), Flyway mai kula da sauye-sauyen teburan bayanai, da direban rumbun bayanai na PostgreSQL. Ku lura, wannan bugu na Nuwamba 2022 yana buƙatar Java 17 zuwa sama, kuma an sauya sunayen kod da yawa masu farawa da javax zuwa jakarta, don haka tsofaffin darussan YouTube za su iya ƙin aiki.

Wurin injinan rubuta kod ne na fi daɗewa. JHipster, wadda Julien Dubois ya fara a 2013, tambayoyi kaɗan za ta yi maka, ta zubo cikakkiyar manhaja da fuskarta da tsaronta. Abin sha'awa ne, amma daga wannan lokacin duk tarin fayilolin sun zama naka, kai za ka gyara su alhali ba ka san me ke ciki ba. Kamar ka gaji gida ne ba ka san inda aka bi da wayar wuta ba. Ga kamfani mai ƙwararru tana rage aiki. Ga ɗan koyo, ni dai ban ga ribarta ba tukuna.

Injin da na yarda da shi shi ne wanda zan iya goge duk abin da ya rubuta, in sake kunna shi ya dawo da shi. jOOQ tana karanta teburan rumbun bayanai ta samar da kod ɗin Java daidai da su. Da na sauya sunan wani ginshiƙi daga farashi zuwa farashin_buhu, harhaɗawa ta tsaya nan take, ta nuna mini duk layin da ke kiran tsohon suna, tun kafin wani dillali ya gamu da matsalar. Kyauta ce in rumbunka PostgreSQL ne ko MySQL, amma in Oracle ne ko SQL Server sai an biya lasisi, kuma ya kamata mai shirin aiki da manyan kamfanonin Abuja ya san wannan. OpenAPI Generator, wadda ta ɓalle daga Swagger Codegen a 2018, haka take: in bayyana hanyoyin API, wato ƙofofin da waya ke aiko buƙata ta cikinsu, a fayil ɗin bayani na YAML guda, in kunna zaɓin interfaceOnly, ta ba ni ƙwarangwal, ni in cika aikin a nawa fayil. MapStruct ma, mai rubuta kod ɗin juye bayanai daga wani tsari zuwa wani, na riƙe ta, don abin da take rubutawa fayil ne da zan buɗe in karanta. Lombok, mai rage maimaita rubutun kod, na ajiye, tunda record na Java 16, gajeriyar hanyar rubuta ma'ajin bayanai, ya ɗauke mafi yawan abin da nake nema a wurinta.

Duk abin da inji ya rubuta yana zama a foldar target/generated-sources, ba ya shiga Git, ma'ajiyar tarihin kod, ba na sa masa hannu. In gyara ya kama, a teburin ko a YAML ake yi.

Abin da ke gabana yanzu shi ne bashin da ake biya kashi-kashi. Dillali kan ɗauki kaya yau, ya kawo rabin kuɗi ran kasuwa, ragowar kuma wani ɗan uwansa ya turo ta POS. Teburin biyan kuɗi daban zan buɗe da Flyway, in bar jOOQ ta sake rubuta nata.