Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarar da Muka Rabu da 'Yarmu

A makon jiya na tsaya ne a daidai lokacin da muka cika shekara uku a ƙasar da hukumar mishan ta aike mu, ni da maigidana da 'ya'yanmu biyu. Zuwa lokacin harshen mutanen ya fara zama a bakina, amma 'yarmu ta fari ta fi mu iya shi nesa ba kusa ba, har ita ke yi mini tafinta idan baƙi suka zo maigida ba ya nan. Sai dai babu makarantar da za ta ci gaba a inda muke, ni kuma da nake koya mata a gida, ilimina ya kai iyakarsa.

Hukumar ta ba da shawara a kai ta makarantar kwana ta 'ya'yan masu bishara, tafiyar kwana biyu a mota. Wannan tsari daɗaɗɗe ne, domin tun 1881 Hudson Taylor, mai bishara ɗan Ingila, ya buɗe irin wannan makaranta a Chefoo, ƙasar Sin, don kada iyaye su riƙa tura yaransu har Ingila. Kafin nan, a 1852, David Livingstone, mai bishara a Afirka, ya sa matarsa Mary da 'ya'yansu a jirgin ruwa zuwa Biritaniya, bai sake ganinsu ba sai bayan shekara huɗu. Na karanta duk wannan lokacin da ake horar da mu, amma jarumtar mazan kaɗai idona ya gani.

Daren da za mu tafi ina zaune ina ɗinka sunanta a wuyan kowace riga, kamar yadda makarantar ta buƙata, sai ta matso ta jingina da kafaɗata ta ce, "Mama, Ubangiji ya kira ku ke da Baba, to ni ma ya kira ni ne?" Na tsaya da allura a hannu, na rasa abin da zan ce mata.

Da ta yi barci sai Dorothy, matar mai bishara William Carey, ta faɗo mini a rai. Da farko ta ƙi bin mijinta Indiya a 1793, daga baya ta amince. Shekara guda da isarsu ɗansu Peter mai shekara biyar ya rasu, hankalinta ya gushe, kuma a haka ta zauna har rasuwarta a 1807. Ban taɓa jin an ambace ta a wa'azi ba. Har yau ban yi nadamar amsa kiran Ubangiji ba, amma ya kamata ikkilisiya ta sani cewa idan ta ɗora wa mutum hannu ta aike shi, gida guda ta aika.

A ƙofar makarantar 'yarmu ba ta yi kuka ba. Ta rungume akwatinta ta bi malamar ɗakin kwanansu, ba ta ko waiwayo ba. Maigida ya tuƙa mota kusan awa guda babu mai cewa uffan, sannan ya gangara gefen hanya ya kifa kansa a kan sitiyari.

Wasiƙarta ta farko ta iso bayan mako biyar. Da ita zan fara a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.